Ƙyanƙyasar Ƙwai A Gida: Abin Da Kwana 21 Ke Nema Daga Gare Ki

 

Tun da kiret ɗin ƙwai ya zama abin da sai an yi shawara kafin a saya, saƙonnin da ke shigo mini a kan kiwon kaji sun ƙaru. A 'yan makonnin nan wata baiwar Allah daga Agege ta rubuto cewa maigidanta ya sayo mata ɗan ƙaramin injin ƙyanƙyasa, irin na roba mai murfi garai-garai. Ta cika shi da ƙwai daga shagon bakin layi, ta yi kwana 25 tana gadi, ko motsi ba ta ji ba. Tambayarta ita ce ko injin jabu ne. Wata kuma daga Mararraba nata sun fito, guda goma sha ɗaya, ta zuba su a kwali ta ajiye a falo don yara su riƙa kallo. Bayan kwana uku ɗan autanta mai shekara biyu ya kama gudawa da zazzaɓi har sai da suka kwana asibiti. Ita kuma tana tambaya ko akwai alaƙa.

Su biyun nan suka sa na ajiye abin da na shirya wa wannan mako. Ni ma na taɓa shiga wannan hali. Karona na farko ƙwai 20 na zuba, bakwai suka fito, biyu daga cikin waɗanda suka mutu kuwa da hannuna na kashe su da sunan taimako. Maigida ya yi wata guda yana tsokanata da cewa ai dama ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Da na koma na bi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, sai na ga injin bai yi laifin komai ba, duk kurakuran nawa ne, kuma yawancinsu na yi su ne tun kafin in kunna shi.

Mu fara da ƙwan, domin a nan 'yar'uwarmu ta Agege ta yi asara. Kaza tana yin ƙwai ko da zakara ko babu, amma tsako ba ya samuwa sai a ƙwan kazar da zakara ya taka. Ƙwan kiret na shago daga gidajen gona yake fitowa, inda dubban kaji ke zaune a keji ba su taɓa ganin zakara ba. Irin wannan ko shekara ya yi a cikin inji, lalacewa kawai zai yi. Abin da za ki nema shi ne ƙwai daga gidan da kika ga zakara da idonki yana yawo cikin kaji, kuma kajin ba su yi masa yawa ba. Zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma shi ne daidai. Akwai ingantattun nau'o'i da masananmu suka samar, kamar Shika Brown na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha na Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta. Amma a karon farko shawarata ki fara da ƙwan kajinmu na gida. Ya fi sauƙin samu, 'ya'yan sun fi juriya, in ma an yi asara ba ta kai ta kuka ba.

Sai kwanakin ƙwan. Kada ya wuce mako ɗaya da sakawa, a zafin ƙasarmu ma kwana uku zuwa biyar ya fi. Dalili kuwa, idan ɗaki ya yi ɗumi, halittar da ke ciki takan fara girma rabi-rabi, ba ta samu cikakken ɗumi ba kuma ba ta huta ba, sai ta raunana ko ta mutu tun kafin a sa ta a inji. Ki ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, kamar gindin randa, kan mai tsini yana kallon ƙasa. Firji kuma sanyinsa ya yi yawa. Ki zaɓi matsakaici, ki bar mai tsagewa, da ƙaton nan mai gwaiduwa biyu, da wanda kashi ya ɓata sosai. Kada ki wanke shi. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da tsako ke shaƙar iska ta cikinsu, kuma kaza takan shafe shi da wani siririn rufi da ke tare ƙwayoyin cuta. Ruwa na wanke rufin, ya kuma tura dattin ciki. In akwai ɗan datti, ki goge da busasshen ƙyalle.

Da yawanmu da ke zaune a Legas, Ibadan ko Fatakwal daga gida ake aiko mana da ƙwai a motar dare, musamman na zabi. Ƙwan da ya sha jijjiga a hanya, ki bar shi ya huta yini guda da kwana, kan mai tsini a ƙasa, kafin ki sa shi a ɗumi. Kuma ki sa a ranki cewa ba zai fito kamar na maƙwabta da aka ɗauko da ƙafa ba.

Ki kuma san kwanakin abin da kika zuba. Kaza kwana 21 ce. Zabo 26 zuwa 28, talo-talo 28, salwa 17 zuwa 18, agwagwarmu ta gida mai jan fuska kuwa sai ta kai kwana 35. Kada ki haɗa su a zubi ɗaya a karon farko, kuma duk ƙwan da za ki sa ki sa shi rana ɗaya. Mai ƙara biyu yau uku gobe za ta rasa ranar da za ta daina juyawa.

To, kafin mu kai ga inji, ki tambayi kanki ko dole sai da shi. Idan ƙwai goma kike so ki gwada da su, kaza mai kwanci ta fi duk wani inji da ke kasuwa. Ba ruwanta da an ɗauke wuta, ita ke juya ƙwan da bakinta, ita ke daidaita ɗumi, bayan sun fito kuma ita za ta yi reno. Za ki gane ta shiga kwanci idan ta ƙi barin gurbi dare da rana, tana hura gashi tana saran hannun duk wanda ya matso. Kajin gidan gona masu yin ƙwai da wuya su kwanta, don an riga an rage musu wannan ɗabi'a wajen zaɓen iri. Kazar Hausa ita ce gwana. Ki sa mata ƙwai takwas zuwa goma, gwargwadon abin da jikinta zai rufe duka, ki sa da daddare lokacin da ta natsu. Ki ware mata wuri ita kaɗai don kada sauran kaji su riƙa ƙara mata sabon ƙwai. Ki ajiye mata ruwa da hatsi a kusa, da kaskon toka inda za ta yi birgima, saboda ƙuma na iya tayar da kaza daga kan ƙwai ana saura 'yan kwanaki. Da haka iyayenmu suke ƙyanƙyashe ƙwan zabi a ƙauye, don zabuwa ba ta da haƙurin reno.

Idan kuwa babu wurin ajiye kaza, ko kina son zuba da yawa, to sai inji. Amma kafin maigida ya ba da kuɗin, ku zauna ku lissafa awa nawa wuta ke yi a unguwarku. Kwana 21 awa 504 ke nan, kuma ƙwan yana son ɗumi kusan a dukkansu. Ɗaukewar awa biyu ko uku ba ta kashe shi, ai kaza ma takan tashi ta ci abinci ta dawo. Abin da ke kashe shi shi ne ya kwana a sanyi, gobe ma ya sake kwana, ko a wayi gari a ce babban layin wuta na ƙasa ya faɗi. Don haka ki nemi irin injin da ke aiki da wutar gida da kuma batir, wanda ke komawa kan batir da kansa idan wuta ta tafi, ko ki haɗa shi da sola idan kuna da ita. In wuta ta tafi babu batir, kada ki buɗe murfin. Ki lulluɓe shi da bargo ki bar ƙofar iska, ki cika gorar roba da ruwan ɗumi ki naɗe da tawul ki jingina a jikinsa. Janareto kuwa, don Allah, wurinsa waje, nesa da taga. Mun sha jin labarin iyalan da suka kwanta ba su tashi ba saboda hayaƙinsa. Babu tsakon da ya kai a jawo janareto bakin ƙofar ɗaki dominsa.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: waɗannan ƙananan injina ɗumamawa kawai suka iya, ba su iya sanyayawa ba. Ɗumin da ake so a inji mai fanka shi ne digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, kusan ɗumin jikin mutum. Idan ya haura 40 ya daɗe a haka na wasu awanni, 'ya'yan cikin sun tafi, don zafi ya fi sanyi saurin kisa. Sito mai rufin kwano babu silin, a watan Maris ko Afrilu a Abuja, da tsakar rana shi kaɗai ya isa ya tura injin ya wuce iyaka. Haka ma bakin taga inda rana ke faɗowa. Ki samar masa lungu mai inuwa inda iska ke shiga, a kan tebur da hannun yara ba zai kai ba. Ban da kicin, ban da ɗakin kwana. Zan faɗi dalili a gaba.

Ki wanke injin, ya bushe, ki kunna shi babu ƙwai ya yi awa 24 kina lura. Kada ki yarda da lambar da ke fuskarsa ita kaɗai. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, irin wanda ake sa wa yaro a hammata, ki ajiye shi daidai tsayin saman ƙwai ki gwada. Nawa na farko yana nuna 37.5 alhali cikinsa bai kai haka ba, shi ya sa 'yan tsakina suka makara da kwana guda suka fito a galabaice.

Yanzu sai batun laima, wanda a nan ne mazauna kudu da mazauna arewa suke rabuwa. Ƙwai yana buƙatar ya riƙa rage ruwan jikinsa a hankali ta waɗannan ƙofofi na ɓawo, har ya rasa kimanin kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa zuwa kwana na 18. Gurbin da ruwan ya bari shi ke zama ɗakin iska a kan ƙwan mai faɗi, kuma a nan tsako zai fara numfashi kafin ya fasa ɓawo. Laimar da ake so a cikin inji ita ce kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Takardar da ke zuwa da injin takan ce a cika ramukan ruwa. Mai bin wannan a Legas ko Fatakwal da damina, inda iskar ɗaki kanta jiƙe take, za ta tarar da 'yan tsaki sun kammala halitta sun mutu a ciki, saboda ɗakin iskar bai buɗe ba, ruwa ya shaƙe su. A can sau da yawa ɗan ruwa kaɗan ya isa a makonni biyun farko. Da hunturu kuma, a Abuja ko Jos, akasin haka ne: iska ta bushe, ruwan ƙwan ya ƙafe da wuri, fatar ciki ta manne wa tsako ya kasa juyawa. A nan sai kin riƙa ƙara ruwan ɗumi kullum, wani lokaci har da jiƙaƙƙen soso. Ki bi abin da ma'auni da ƙwan kansa suka nuna miki, takardar an rubuta ta ne a wata ƙasa mai wani yanayi.

Juyawa ba ta da wuya. Idan injin ba mai juyawa da kansa ba ne, ki yi wa kowane ƙwai alama da fensir a gefe biyu, ki juya shi sau uku ko biyar a rana, don kada ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. Amfaninta shi ne kada ɗan ya manne a jikin ɓawo. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa da bayan kin taɓa, kuma ban da hannu mai man shafawa.

A kwana na bakwai zuwa na goma za ki haska. Ki kashe fitilar ɗaki da daddare, ki ɗora kan ƙwan mai faɗi a bakin tocila ko fitilar waya. Mai rai za ki ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wani lokaci har yana motsi. Wannan shi ne daren da ya kamata ki tara yara su gani, su yi tasbihi, ba tare da sun taɓa ba. Wanda kika ga haske ya ratsa shi fes babu komai, zakara bai taka ba. Wanda kika ga jan zobe ya kewaye cikinsa, ya fara ya mutu. Ki cire su duka biyun. In kina shakka, ki yi masa alama ki sake dubawa a kwana na 14. Amma duk wanda ya fara wari ko yana tsattsafo da ruwa, ki fitar da shi nan take a hankali. Baragurbi idan ya fashe a cikin inji yakan watsa ƙwayoyin cuta a kan sauran, warin kuwa sai kin yi mako kina jin sa a hanci. Waɗanda kika cire ki binne su. Na san akwai mai cewa ai wanda babu komai a ciki ana iya soyawa. Ƙwan da ya yi mako a ɗumin jiki ba abincin yara ba ne.

A kwana na 18 ki yi haskawa ta ƙarshe. Ƙwan zai yi duhu gaba ɗaya, ɗakin iska kuma ya kai tsakanin rubu'i da sulusinsa. Daga nan ki daina juyawa, ki cire abin juyawar idan na inji ne, ki shimfiɗa ƙyalle mai kaushi a ƙasa, ki ƙara ruwa, ki rufe. Kwana ukun da suka rage aikinki ɗaya ne, ki kama hannunki.

A nan na yi nawa kuskuren. Wajen kwana na 20 tsako yakan huda fatar ciki ya shiga ɗakin iska, har ki ji kukansa ƙwan yana rufe. Sannan ya yi ɗan huji a ɓawo. Daga wannan huji zuwa fitowa yana iya ɗaukar awa 12 har zuwa 24, yana kwance kamar ya gaji. A wannan lokaci huhunsa ke sabawa da iska, jijiyoyin jinin da ke jikin fatar suna bushewa, sauran gwaiduwar kuma tana shigewa cikinsa ta cibiya. Ni da na ga biyu sun huda tun asuba har la'asar ba su ƙara komai ba, tausayi ya kama ni, na sa farce na ɓare musu. Na farko jini ya biyo hannuna. Na biyu ya fito da gwaiduwa a rataye a cikinsa, bai kai magariba ba. Ƙari a kan haka, buɗe murfin da na riƙa yi ya fitar da laimar, wasu da suka huda fatar ta bushe a kansu. Idan har za a taimaka, sai an wuce awa 24 da huji babu ci gaba, kuma da an ga jini a tsaya. A karonki na farko ni dai ina ganin barin su ya fi.

Wanda ya fito zai zama jiƙe, yana tangaɗi yana ture sauran ƙwai. Ki bar shi a ciki har gashinsa ya bushe ya tashi. Kada ki damu da yunwa, gwaiduwar da ya shanye za ta riƙe shi kwana biyu. Ki jira zuwa kwana na 23 kafin ki yanke ƙauna da sauran, musamman idan an sha ɗauke wuta. In rabin abin da kika zuba ya fito a karon farko, ki gode wa Allah, kin yi ƙoƙari.

Tun kafin ranar ki tanadi wurin renonsu: babban kwali ko kwando mai rufin raga saboda ɓera da mage, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓarɓashin katako. Ban da jarida ko leda, santsinsu na sa ƙafafun tsako su baje ya kasa tsayuwa. Suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa kamar digiri uku kowane mako. Ba sai da ma'auni ba, su da kansu za su gaya miki: in sun cure a ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Ƙwan lantarki irin na da mai zafi shi ke ɗumamawa, na zamani mai farin haske ba ya ba da ɗumi. Mai amfani da kurfotin gawayi ko fitilar kananzir ta yi a waje ko a rumfa mai iska, nesa da inda mutane ke kwana, saboda gobara da kuma iskar gawayi mai kisa wadda ba ta da wari. Ruwan shansu a faranti marar zurfi da 'yan duwatsu a ciki don kada su nutse. Ki tsoma bakin kowanne sau ɗaya ya gane. Abinci kuma na buhu na 'yan tsaki, wanda ake kira sitata.

To mu dawo kan 'yar'uwarmu ta Mararraba. Likitan da ya duba yaron shi zai iya tabbatar da abin da ya same shi, amma alaƙar da take zargi sananniya ce. 'Yan tsaki, ko da lafiyarsu ƙalau, suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu, daga nan ta hau gashinsu da ƙafafunsu da kwalin da suke ciki. Yaro ya ɗauki tsako, ya sumbace shi, ya sa yatsa a baki, shi ke nan. Alamun sukan bayyana daga awa shida zuwa kwana shida: gudawa, zazzaɓi, murɗar ciki, wani lokaci da amai. Babba yakan warke cikin 'yan kwanaki, amma ƙaramin yaro ruwan jikinsa na saurin ƙarewa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya taɓa 'yan tsaki, ta kuma ja hankalin tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Wannan ne dalilin da na ce ban da kicin, ban da ɗakin kwana, yanzu kuma na ƙara da falo. Ƙurar gashinsu ma kan tayar wa mai asma da ciwonsa. Ki ware takalmi ɗaya na zuwa wurinsu. Kada ki wanke farantinsu inda kike wanke kwanonin abinci. Manyan yara in sun taɓa, ki tsaya a kansu su wanke hannu da sabulu, ba ki aike su ba. Idan kuwa yaro ya fara gudawa, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, ki kai shi asibiti, ki kuma gaya wa likita cewa akwai 'yan tsaki a gidan. Jini a bayan gida, ko ƙin shan ruwa, ko raguwar fitsari, ko yawan barci, ba a kwana da su a gida.

Akwai kuma murar tsuntsaye. Nau'inta mai tsanani na H5N1 an fara tabbatar da shi a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma a watan Janairun 2007 ya yi ajalin wata matashiya mai shekara 22 a Legas. Tun daga nan cutar takan ɓullo lokaci zuwa lokaci. Don haka kada ki karɓi ƙwai daga gidan da kaji ke mutuwa, komai arharsa. In kika wayi gari naki suna zubewa da yawa a lokaci ɗaya, kada a yi saurin yankawa don kada a yi asara, kada a kai kasuwa. A sa leda a hannu a kwashe, a binne da zurfi, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.

Rigakafin 'yan tsakin kansu ki tafi wurin likitan dabbobi ya tsara miki tun kafin su fito. Manyan biyun su ne na cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa da hunturu, wanda a shago za ki ji ana ce masa Lasota, da kuma na Gumboro. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu sarrafa su a nan gida. Kwalba ɗaya takan ishi kaji ɗari ko fiye, tana son sanyi, in an haɗa ta da ruwa kuma ba ta kwana, saboda haka ki haɗa kai da maƙwabta masu kiwo ku yi rana ɗaya. Abin da nake roƙonki ki bari shi ne al'adar nan ta fasa kafso mai ja da rawaya na mutane a zuba wa 'yan tsaki a ruwa kullum wai don kariya. Ba ya hana Newcastle ko Gumboro, kuma da irin haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani, ranar da yaronki zai buƙace shi ya ƙi aiki.

Saura abu ɗaya da ba a tunawa sai ya zo. Kusan rabin abin da za ki ƙyanƙyashe zakaru ne, babu dabarar da ke sauya wannan, duk abin da aka gaya miki game da siffar ƙwai. Cikin wata huɗu zuwa biyar za su fara cara tun kafin kiran assalatu. Mai zaune a gidan haya, ɗaki na kallon ɗaki, ta yi magana da mai gidan da maƙwabta tun yanzu, ta kuma yanke shawarar nawa za ta bari, nawa za su shiga tukunya, nawa za a kai wa dangi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake gane ƙwan da ya lalace kafin a fasa shi a cikin abincin yara, da irin dahuwar da ta dace da mai ciki da jariri mai fara cin abinci. Sai na ji daga gare ku.